Taɗi: Ma'anar Kalmar da Matsayinta Tsakanin Gaisuwa da Magana

Akwai wani irin zance da mutane kan yi idan sun haɗu, wanda ba a yinsa don a sanar da wani abin da bai sani ba, ba kuma don a yanke wata shawara ba. Mutum biyu sun gamu a ƙofar masallaci ko a tashar mota, sun gaisa, sa'an nan suka ɗan tsaya suna maganar zafin rana da tsadar gero da lalacewar hanyar garinsu, alhali kuwa kowannensu ya san kusan duk abin da ɗan'uwansa zai faɗa tun kafin ya buɗe baki. Turawan Ingila suna da suna na musamman da suke kiran wannan zance da shi, wanda in aka juya shi kalma da kalma zai ba da "ƙaramar magana". Abin da wannan takarda za ta bi diddiginsa shi ne sunan da Bahaushe yake ba irin wannan zance, da yadda yake amfani da sunan, da kuma irin riƙon da ƙamusoshi da littattafan koyarwa suka yi masa. Al'amarin ya shafi malamin da ke koyar da Hausa, da mai fassara, da mai tsara ƙamus, domin kuwa duk wanda ya ɓata sunan abu a gaban ɗalibai ya koya musu raina abin ne, ko da bai yi niyya ba.

Kalmomin da ake ruɗawa

Fassarar da ta fi saurin zuwa bakin mai gaggawa ita ce "ƙaramar magana", kuma ita ce mafi muni. A Hausa ƙaramar magana ita ce al'amarin da bai taka kara ya karya ba, shi ya sa akan ce ƙaramar magana ta zama babba idan ɗan saɓani ya girma ya zama rigima. In kuwa aka yi jam'inta aka ce "ƙananan maganganu", to an shiga wani fage dabam, watau fagen gulma da tsegumi da kai-kawo tsakanin mutane. Wanda aka ce yana da ƙananan maganganu an zage shi ne. Saboda haka mai fassarar da ya rubuta cewa baƙi sun yi ƙananan maganganu kafin a soma taro ya ɗora musu laifin da ba su yi ba. Haka nan "surutu" ba ta dace ba, don surutu aibu ne. Yawan magana ce wadda ta wuce kima, irin wadda ake tsawata wa yara a kanta. "Tattaunawa" kuma ta yi nauyi. Asalinta daga tauna ne, watau a tauna magana a sake taunawa har a ga abin da ke cikinta, ga shi kuwa zancen da ake nufi a nan ba a tauna shi, lasa kawai ake yi a wuce.

Kalmomin da suka rage, waɗanda suka cancanci a tsaya a kansu, su ne gaisuwa da hira (wasu kan ce fira) da taɗi da zance. Zance ya fi su faɗi duka, yana iya ɗaukar kowace irin magana, mai nauyi da marar nauyi, don haka ba ya bambance kome. Gaisuwa tana da nata hurumi wanda za a zo kansa nan gaba. Hira da taɗi su ne suke kusa da juna ƙwarai, har a bakin Hausawa da yawa ɗaya tana shiga wurin ɗaya ba tare da wani ya lura ba: abokin hira, abokin taɗi, taya ni hira, taya ni taɗi. Duk da haka akwai inda hira ta fi karkata. Ita hira tana son zama da sarari, tana son dare, tana son waɗanda suka saba da juna, kuma ita ce abin da ya tara mutane a dandali ko a zaure ko a teburin mai shayi. Matasan Damagaram da Yamai da ke taruwa a fada suna dafa shayi hira ce ta tara su, haka 'yan majalisa a unguwannin Kano da Zariya. A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta, da hira aku yake tsare ɗan sarki dare bayan dare don kada ya fita, kuma kowa ya san wannan ba aikin 'yan kalmomi biyu a bakin hanya ba ne. Taɗi ya fi sauƙin shiga wurin da babu zama, babu kuma sabo mai zurfi, kamar tsakanin fasinjoji biyu a mota ko tsakanin mai kanti da wanda ya shigo sayayya.

Abin lura mafi muhimmanci shi ne, ƙanƙantar da Bature ya sa a cikin siffa, Bahaushe ya sa ta a cikin aikatau da kuma kalmar tsigalau. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Suka gaisa, suka ɗan taɓa taɗi, kowa ya kama gabansa.
(2) Bayan an gaisa aka yi 'yar hira kafin liman ya fito.
(3) Suka raba dare suna hira.

A jimla ta (1) aikatau "taɓa" shi ne ya nuna cewa ba a nutsa cikin zancen ba, kamar yadda akan ce a taɓa abinci ko a taɓa barci. "Ɗan" da "'yar" kuwa suna rage nauyin abu ba tare da sun rage darajarsa ba, har ma sukan ƙara masa ladabi, kamar a "ɗan jira ni" ko "ɗan matsa". Wannan shi ne bambancinsu da "ƙarami", wanda yake auna abu ya yanke masa hukunci. Jimla ta (3) ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, don haka hira ce cikakkiya. Ke nan Hausa ba ta rasa sunan wannan zance ba. Sunansa ɗan taɗi ko 'yar hira, aikinsa kuwa taɓa taɗi. Mai neman kalma guda tilo wadda za ta zauna daidai kan ta Turanci yana neman abin da tsarin harshen bai tanada ba, bai kuwa bukata.

Riƙon da ƙamusoshi suka yi wa kalmar

Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 har yau su ne rumbunan da ake komawa gare su, kuma ba wanda zai yi musun irin wahalar da aka sha wajen tara su. Bayansu aka sami Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka tsara a 1977, da ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, wanda yake bayyana Hausa da Hausa. Ƙamus mai harshe biyu yana da wata larura wadda ba laifin mai tsara shi ba ce: tilas ya ba kowace kalma abokiyar zama daga ɗaya harshen, cikin 'yan kalmomi kaɗan. Sakamakon haka hira da taɗi sukan fito da fassara kusan iri ɗaya, wadda ke nufin zantawa tsakanin mutane, sai mai karatu ya ɗauka kalma ɗaya ce mai riga biyu. Abin da ɗan gajeren bayani ba ya iya ɗauka shi ne wurin da taɗi yake zaune a cikin jerin abubuwan da ke faruwa idan mutum ya je wurin mutum. Ma'anar wannan kalma kuwa rabinta a wannan wuri take.

Littattafan koya wa baƙi Hausa suna da irin wannan giɓi ta wata fuska. Littafin C. H. Kraft da A. H. M. Kirk-Greene na 1973, da na J. R. Cowan da R. G. Schuh na 1976, sun ba gaisuwa wuri tun a darussan farko, kuma sun yi daidai, don ba a shiga cikin Hausawa sai da ita. Amma gaisuwa abar haddacewa ce: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ina aiki, da godiya, ina labari, sai alheri. Ɗalibi yakan haddace waɗannan sarai, ya jera su ba kuskure, sa'an nan ya faɗa kan bukatarsa kai tsaye, yana mamakin abin da ya sa fuskar mai gida ta sauya. Abin da ya tsallake shi ne taɗi, wanda ba a haddace shi, kuma ba kasafai ake keɓe masa darasi ba. Wannan giɓi bai tsaya ga baƙi ba. Ɗan Hausa da ya tashi a makarantar kwana ko a rukunin gidajen ma'aikata yana iya girma da gaisuwa a baki amma babu taɗi, ya je gaban dangin ubansa ya durƙusa ya gaida su, daga nan ya yi shiru yana kallon tabarma.

Matakai uku na ziyara

Idan aka lura da ziyarar da Bahaushe yake kai wa wanda ya girme shi da wata bukata, za a ga tana da matakai uku. Ga misalin saurayi da ya je wurin ƙanen mahaifiyarsa a farkon damina:

Garba: Salamu alaikum.
Kawu: Amin, alaikumus salamu. A'a, Garba ne? Shigo mana.
Garba: Kawu, ina wuni?
Kawu: Lafiya lau. Ina gajiya?
Garba: Ba gajiya.
Kawu: Yaya mutanen gidan?
Garba: Lafiyarsu lau, suna gaishe ku.
Kawu: Muna amsawa. Madalla. Ku can ruwa ya sauka kuwa?
Garba: An yi na shuka shekaranjiya, Kawu, sai dai bai kai gonakin arewa ba.
Kawu: Mu nan kullum sai hadari ya haɗu iska ta kwashe. Ga hatsi ya soma tashi a kasuwa.
Garba: Wallahi kuwa. Mu ma tun watan jiya muke awo.
Kawu: Allah ya kawo mai albarka.
Garba: Amin.
Kawu: To, lafiya dai ko?
Garba: Lafiya lau, Kawu. Dama Baba ne ya aiko ni a kan maganar gonar nan ta bakin rafi.

Daga sallama zuwa "madalla" gaisuwa ce. Alamarta ita ce amsa a ƙayyade take, ba ta bin gaskiyar hali. Wanda ya kwana yana juyi zai ce lafiya lau, majinyacin da ke kan gargara za a ce jikinsa da sauƙi, wanda ya zo da labarin rasuwa ma zai ce labari sai alheri kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba wanda yake ɗaukar wannan a matsayin ƙarya, don kowa ya san ba tambayar neman sani aka yi ba. Daga "dama" zuwa gaba kuwa magana ce, watau abin da ke tafe da mutum. Wannan kalma "dama" ita ce ƙofar shiga bukata, kamar yadda "lafiya dai ko?" take zama iznin da babba yake bayarwa a shiga. Abin da ke tsakanin biyun, daga tambayar ruwa zuwa addu'a, shi ne taɗi.

A cikinsa amsa ba ƙayyadajjiya ba ce. Ana faɗin gaskiya, amma gaskiya mai sauƙi, kan abin da ya shafi kowa. Da Kawu ya tambayi ruwa a cikin gaisuwa, da amsar da zai samu ita ce ruwa ya yi gyara. Da ya tambaya a cikin taɗi sai ya ji cewa gonakin arewa ba su samu ba. Tambaya ɗaya ce, wurin da aka yi ta shi ya sauya amsarta. Haka yake ga mai dubiya: "yaya jiki?" na farko amsarsa da sauƙi, sai an ɗan zauna an taɓa taɗi sa'an nan a ce, "To, yanzu yaya kake jin jikin naka?" a nan ne majinyaci zai faɗi inda ke masa ciwo. Ma'aikacin asibitin da ya tsaya ga amsar farko ya rubuta ta a kati bai ji kome ba tukuna.

Gaisuwa da taɗi suna iya rabuwa, wannan kuwa shi ne hujja mafi ƙarfi cewa abu biyu ne. Tsakanin mutum da surukinsa gaisuwa doguwa ce, da durƙuso da sunkuyar da kai, amma taɗi kaɗan ne ƙwarai ko ma babu, saboda kunya. A fada talaka yakan faɗi gaisuwa, fadawa su amsa masa a madadin sarki, ba zai kuwa soma taɗi ba sai in sarki ne ya ja shi. Tsakanin abokan wasa kuma, kamar jika da kaka, ko taubasai, ko Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzage, sau da yawa gaisuwar ce take gajarta, taɗin ya rikiɗe ya zama ba'a da zolaya, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawa. Yawan gaisuwa da ƙarancin taɗi alamar nisa da girmamawa ce, akasin haka kuwa alamar kusanci. Mai nazarin zamantakewa yana iya auna dangantakar mutum biyu ta duban wanne ya rinjayi wanne a haɗuwarsu.

Ra'ayin Malinowski da iyakarsa

Wanda ya fara jawo hankalin masana ga irin wannan zance shi ne Bronislaw Malinowski, masanin al'adun al'umma wanda ya zauna a tsibiran Trobriand, kusa da Sabuwar Gini, a shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya. A wata maƙala da aka buga a 1923 a ƙarshen littafin C. K. Ogden da I. A. Richards kan ma'ana, ya ƙaga masa suna daga wata kalmar Girkanci mai nufin furtawa. Gundarin ra'ayinsa shi ne, a irin wannan zance kalmomi ba sa aikin isar da tunani; aikinsu ƙulla zumunci da kawar da shirun da kan sa mutane ɗar-ɗar da juna. A 1960 Roman Jakobson ya ɗauki wannan suna ya sa shi cikin ayyuka shida na harshe, ya mai da shi aikin buɗe hanyar magana da tabbatar da cewa ba ta toshe ba. Hausa tana cike da misalan abin da Jakobson yake nufi: "to", "haka ne", "ƙwarai", "ashe?", "ikon Allah", waɗanda mai sauraro yake jefawa don mai magana ya san ana tare da shi. Wanda ya saurari Bahaushe shiru ba amshi, ba da daɗewa ba zai ji an tambaye shi, "Kana ji na kuwa?"

Ra'ayin Malinowski ya dace da gaisuwa fiye da yadda ya dace da taɗi, kuma ɗalibin da ya kwaso shi ya ɗora a kan Hausa gaba ɗaya zai yi asarar abu mai yawa. A koma ga Garba da kawunsa. Kafin yaron ya ambaci gona, Kawu ya riga ya ji cewa shuka ba ta kankama ba, kuma gidan 'yar'uwarsa sun koma awo tun watan jiya, watau rumbu ya ƙare. Saboda haka ya san irin maganar da ke tafe, ya kuma soma shirya amsarta. Shi ma Garba ya ji kawun nasa yana kukan tashin hatsi, ya gane kada ya tsawwala roƙo. An yi ciniki rabi ba wanda ya ambaci kuɗi, kuma in da Kawu ya nuna hannunsa a ɗaure yake ƙwarai, da Garba yana iya cewa gaisuwa ce kawai ta kawo shi, ya tashi da mutuncinsa, mutuncin kawunsa ma bai taɓu ba. Zancen da yake ɗauke da wannan aiki ba za a ce ma'anar kalmominsa ba ta da muhimmanci ba.

Masanan da suka yi bincike a Afirka ta Yamma sun ga haka tun tuni. Esther Goody, a 1972, ta nuna yadda gaisuwa da roƙo da girmamawa suke sarƙe da juna a wurin Gonjawa na arewacin Ghana. Judith Irvine kuma, a 1974, ta nuna cewa a wurin Wolof na Senegal na ƙasa ne yake fara gaisuwa, har mutum yakan yi dabarar ƙasƙantar da kansa don ya ɗora wa ɗaya nauyin kyauta. Bahaushe ya taƙaita wannan duka a cikin 'yan kalmomi, gaisuwa da roƙon iri, kuma ita kanta kalmar gaisuwa ta wuce furuci: abin da talaka ya riƙa ya kai wa basarake gaisuwa ce, kuɗin da dangin ango suke kai wa iyayen yarinya gaisuwa ce, zuwa ta'aziyya ma gaisuwa ce. Inda Hausa ta ƙara wani abu shi ne rabon aiki tsakanin matakan biyu. Ƙarami ne yake fara gaisuwa, amma babba ne yake riƙe da linzamin taɗi, shi yake tambaya, shi yake zaɓen abin da za a taɓa, shi kuma yake rufewa. Yaron da ya gaida dattijo sa'an nan ya shiga yi masa tambayoyi kan harkokinsa, za a ce ba shi da ta-ido.

Abin da ake taɓawa da abin da ake kauce wa

Kayan taɗi sanannu ne: ruwa da shuka da kaka, sanyi da hazo da zafi, farashin hatsi da na dabbobi, halin hanya, labarin wanda ya dawo daga tafiya, azumi idan lokacinsa ne. Dukkansu abubuwa ne da suka sami kowa, kuma mafi yawansu daga Allah suke, don haka ana iya kuka da su ba a zargi kowa ba, a rufe da addu'a. Abin da ake kauce wa ya fi wannan koyarwa. Namiji ba ya tambayar matar wani da sunanta, sai ya ce iyali ko mutanen gida. Ba a tambayar mutum yawan 'ya'yansa ko yawan dabbobinsa ko abin da yake samu a wata. Ba a yi wa mace zancen cikin da take ɗauke da shi ko da ya fito fili. Uwar da take alkunyar ɗanta na fari ba a matsa mata da zancensa. Mai binciken da ya shiga ƙauye da takardar tambayoyi ya fara da shekaru nawa, 'ya'ya nawa, buhu nawa aka noma, ya jera abubuwan da ladabi ya hana ne tun daga layin farko, bai kamata ya yi mamaki ba in alƙaluman da ya tattara suka zo a karkace.

A cikin laccarsa mai suna Mutumin Kirkii, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa halayen da Hausawa suke auna mutum da su, daga ciki har da kunya da ladabi da hankali da mutunci. Waɗannan halaye ba a ganinsu a sarari sai mutum ya buɗe baki, taɗi kuwa shi ne wurin da aka fi saurin gane su, domin a gaisuwa kowa daidai yake, haddar ɗaya ce. Karin maganar da ke cewa shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma tana nuni ga wannan. Akwai kuma ɗaya gefen: taɗi yana iya zama mayafin ƙiyayya, a yi shi ana murmushi alhali ta ciki na ciki, kuma yana iya zama hanyar korar mai bukata, a ja shi da zancen damina har lokacin salla ya yi bai sami ƙofar cewa "dama" ba. Ma'aikatan ofis da masu bashi a wuyansu sun ƙware a wannan.

Ƙuntatar ma'ana a zamanin nan

Kalmomin biyu duka suna cikin wani hali. Hira ta sami sabon aiki a gidajen rediyo da jaridu, inda take nufin tambaya da amsa tsakanin ɗan jarida da wani babban mutum. Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da sauran gidajen rediyo sun sa kunnen jama'a ya saba da "hira ta musamman", wadda sau da yawa titsiye ce, ba ta da alaƙa da sakin jiki irin na dandali. Taɗi kuwa, a bakin samarin birane da yawa, ya koma nufin zuwa wurin budurwa, daidai da "zance". In aka ce wane ya tafi taɗi, ba wanda zai zaci wurin kawunsa ya tafi. Wannan ma'ana ba baƙuwa ba ce, amma ana iya cewa littattafan soyayya da suka yawaita a Kano tun daga shekarun 1980, da finafinan da suka biyo bayansu, sun ƙara mata ƙarfi har tana neman danne 'yar'uwarta. Malamin da ya ce wa 'yan aji su rubuta taɗi tsakanin mutum biyu yakan ji dariya daga bayan aji.

Wayar hannu ma ta yi nata tasiri. Sa'ad da ta shigo Nijeriya a 2001 da minti ake lissafin kuɗin kira, sai a 2003 aka soma lissafi da daƙiƙa, kuma a waɗannan shekaru mutane suka koyi datse gaisuwa su tsallake taɗi su faɗa kan magana, suna ba da hanzarin kati. Dattawa da yawa sun ɗauki wannan rashin tarbiyya, har wasu suka ƙi yarda a sanar da su muhimmin abu ta waya, suna cewa zumunci a ƙafa yake. Da saƙon murya na WhatsApp ya samu, sai ga doguwar gaisuwa ta dawo, mace ta ɗauki minti biyu tana tambayar kowa a gidan da ɗai ɗai kafin ta faɗi ranar suna. Sai dai saƙon murya ba shi da amshi, ba a ganin fuska, don haka gaisuwar ce ta dawo, taɗin bai dawo ba. Abin da matasa suke yi da rubutu a waya kuwa sun ara masa suna daga Turanci suna ce masa catin, ba su kira shi taɗi ba.

Ga mai fassara, abin da ya fi aminci shi ne ya bar neman suna ya nemi aikatau: suka taɓa taɗi, aka ɗan yi hira, bayan 'yan gaishe-gaishe. Ga mai nazarin harshe da yake bukatar keɓaɓɓiyar kalma don abin da Malinowski ya bayyana, "zancen sada zumunci" zai wadatar, muddin ya tuna cewa ya haɗa gaisuwa da taɗi a tukunya ɗaya, kuma dole ya raba su in ya zo kan Hausa. Ga mai tsara ƙamus kuwa, shigar taɗi tana bukatar ma'ana biyu a rarrabe, ta gama-gari da ta neman aure, tare da misalin jimla mai "taɓa" a ƙarƙashin ta farko.

Akwai kuma taɗi na biyu wanda bai kamata mai bincike ya rufe na'urarsa kafin ya ji shi ba, watau na rakiya. Baƙo ya ce, "To, bari in koma," mai gida ya ce, "Tun yanzu? Bari in taka maka." Suna tafe ana a gai da gida, za su ji, ana sake taɓa zancen hadarin da ya haɗu a gabas. Sau da yawa a nan ne, bayan an bar zaure da kunnuwan da ke cikinsa, Kawu zai rage murya ya ce wa Garba ya gaya wa babansa ya turo a ɗauki buhu ɗaya ran kasuwa, maganar gona kuma a bar ta sai bayan kaka.